Ƙurajen Umma sun ƙi jin magani, likitoci kuma sun ce sai an yi mata aiki a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka ne daga Ɗorayi a nan Kano game da mahaifiyarmu, wadda ke da shekara 56. Kusan shekara biyu ke nan tana fama da wasu ƙuraje da suka fara fito mata a matsematsi da mazaunai, daga baya suka sauko ƙafafu suka kuma kewaye bakinta. Sukan yi ruwa su fashe su yi ɓawo, wuri ɗaya yana warkewa wani yana tasowa. Harshenta ya yi ja yana mata zafi har yaji ba ta iya ci, ta rame ƙwarai, kuma bara aka ce ta kamu da ciwon suga. Mun yi maganin kirci da na sanyi, mun shafa mayukan kemis iri-iri, an yi na gargajiya, har wasu a dangi suka fara zargin abokiyar zamanta. A watan jiya wata likitar fata ta yanki ɗan guntun fatar aka auna, ta kuma tura mu hoton ciki, sai aka ga ƙari a jikin wani abu da suka kira fankiriyas. Sun ce sai an yi tiyata, kuma mai yiwuwa a haɗa da saifarta a cire. Abbanmu da Kawu, yayan Umma, sun ƙi yarda. Cewa suke yi me ya haɗa ciwon fata da yanka ciki, kuma ai daji ba ya son ƙarfe. Ita Umma ba a gaya mata komai ba tukuna. Don Allah ka ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa wannan jinya ta zama kaffara, ku kuma Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Zan fara da abin da kika fi buƙatar ji. Bayanin da kika kawo ya yi daidai da wata cuta sananniya a wurin likitoci duk da ƙarancinta, kuma likitar da ta kalli fatar Umma ta tura ku hoton ciki ta yi abin da ya kamata. Idan gwaje-gwajen da suka rage suka tabbatar da abin da take zato, to tiyatar da ake magana a kanta ita ce maganin ƙurajen nan da kuka shekara biyu kuna shafa wa mai, kuma kowane wata da ya wuce ana gardama a tsakar gida, ƙarin yana samun damar girma.

Tambayar Abba da Kawu tambaya ce ta masu hankali, kuma ta cancanci a ba su amsa cikakkiya, don haka bari mu soma da fankiriyas ɗin kanta. Idan kin taɓa gyaran kayan cikin rago da Babbar Sallah, kin san saifa, wannan tsokar mai duhun ja da ke manne a jikin tumbi. Kusa da farkon hanji kuma akwai wata tsoka mai laushi, fara-fara, wadda sau da yawa ake ɗaukarta kitse, to ita ce fankiriyas. A jikin mutum tana kwance ne a bayan tumbi, tsawonta kamar santimita 15, kanta yana dama a cikin lanƙwasar farkon hanji kusa da bututun maɗaciya, jelarta kuma ta miƙe hagu har ta taɓo saifa. Mutane da yawa, har da masu fassara a kafafen labarai, suna kiranta saifa, alhali gaɓoɓi ne guda biyu masu aiki daban, kuma bambancin zai yi miki amfani ranar da likitan tiyata yake yi muku bayani.

Aikinta iri biyu ne. Tana zuba wani ruwa a cikin hanji wanda ke narkar da abinci, musamman maiƙo da nama, sannan akwai wasu ƙananan tsibirai a cikinta da ke zuba sinadarai kai tsaye a cikin jini. Ɗaya daga ciki shi ne insulin, wanda kowa ya sani saboda ciwon suga, aikinsa sauke sugan jini. Ɗayan kuma, wanda ba a cika ambatonsa ba, sunansa gulukagon, shi kuwa ɗaga suga yake yi a lokacin da mutum yake jin yunwa ko yake azumi, ta hanyar umartar hanta ta fito da ajiyarta, idan ajiyar ta ƙare kuma ta sarrafa naman jiki ya koma suga. A mai lafiya waɗannan biyu suna daidaita juna. Amma idan ƙari ya tsiro daga ƙwayoyin da ke yin gulukagon, abin da likitoci ke kira gulukagonoma, sai jini ya cika da wannan sinadari dare da rana, jikin mutum ya koma kamar wanda ke cikin yunwar da ba ta yankewa, ko da kuwa yana cin tuwo sau uku a yini.

Daga nan duk abin da kika lissafa yake fitowa. Suga ya hau ne domin hanta ba ta daina zuba shi ba. Ramar ta zo ne domin ana ta ƙone tsokar jiki. Fatar kuwa, tana cikin gaɓoɓin da ke saurin sabunta kansu, kullum tana buƙatar kayan gini daga furotin da maiƙo mai kyau da sinadarin zink, to idan gulukagon ya kwashe waɗannan daga jini, sai saman fatar ya riƙa mutuwa yana saluɓewa, kuma yakan fara ne daga wuraren da ke gogar juna ko suke gumi, wato matsematsi da mazaunai da ƙasan mara da ƙafafu da kewayen baki. Jan harshe da tsagewar gefen leɓe duk daga wannan tushe suke, haka ma ƙarancin jini da gudawa da yawan damuwa, waɗanda sukan biyo baya a wasu marasa lafiyan.

Yadda kika kwatanta ƙurajen ya sa na daɗe ina duban wasiƙarki, domin kin faɗi alamar da ta fi bambanta su da saura, cewa wuri ɗaya yana warkewa wani yana tasowa. Sukan soma da tabo mai ƙaiƙayi ko raɗaɗi, tsakiyarsa ta yi ƙullutun ruwa marar kauri, ya fashe ya yi ɓawo, cikin mako ɗaya zuwa biyu tsakiyar ta bushe ta bar duhu, gefen kuma ya ci gaba da faɗi kamar wutar daji da ta cinye tsakiyar gona ta nufi iyaka. Littattafan likitanci suna cewa tabon ja ne, amma a baƙar fata irin tamu jan ba ya fitowa sosai, abin da ido ke gani shi ne duhu da sheƙi da saɓa, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa a daɗe ba a gane shi ba a ƙasashenmu. Tun 1942 wani likita a Amurka mai suna Becker da abokan aikinsa suka rubuta labarin wata mata mai irin waɗannan ƙuraje da ƙari a fankiriyas. A 1973 wani likitan fata a Ingila, Wilkinson, ya raɗa wa ƙurajen sunan da ake kiransu da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce jan tabo mai ƙaura yana kashe saman fata. Saboda haka alaƙar fatar Umma da cikinta abu ne da aka sani fiye da shekara 80.

Kada ki zargi kanki ko waɗanda suka fara duba ta a kan shekara biyun da suka wuce. Ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne mutum ɗaya cikin kimanin miliyan 20 ke kamuwa da wannan cuta a shekara, don haka likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Ƙurajen suna kama da kirci, suna kama da ciwon da ƙarancin zink ko ƙarancin wasu bitamin ke kawowa, kuma a mai ciwon suga abin da kowa zai fara zato shi ne ƙwayar cutar da ke kama matsematsi saboda damshi. Ko a ƙasashen da suke da kayan aiki, yakan ɗauki shekaru kafin a gano. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke ƙara jinkiri a wurinmu, kuma ina so in faɗe su a fili. Na farko shi ne kunya, domin uwa mai shekara 56 ba za ta so ta buɗe wa kowa matsematsinta ba, sai ta nuna ƙafa kaɗai, likita kuma ya yanke hukunci a kan abin da aka nuna masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma idan likita mace za ta fi sakewa da ita, haƙƙinku ne ku nema. Na biyu shi ne mayukan haɗi na kemis, waɗanda mafi yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Yakan kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki har a ɗauka an dace, amma yana sirantar da fata, yana sauya kamannin ƙurji har ya rikita likita, kuma idan ana shafa shi a wuri mai faɗi da ya saluɓe yana iya shiga jini ya ƙara hawan suga. Ki tattara duk kwalaben da bututun da aka yi amfani da su a leda ɗaya ki kai wa likitar ta gani, kada kuma a sake shafa wani abu a wurin sai wanda ta rubuta.

Maganar abokiyar zaman Umma ta dame ni ƙwarai. Ciwon da yake tafiya yana dawowa, yana ƙaura daga wuri zuwa wuri, ga rama ba dalili, irinsa ne mutanenmu ke saurin jingina wa sammu, kuma na san irin ɓarnar da wannan zato ke yi wa zumunci, har 'ya'yan uba ɗaya su daina gaisawa. Yanzu da hoto ya nuna ƙari kuma aka san yadda yake haifar da kowace alama, ya zama wajibi a janye wannan zargi, wanda ya furta shi kuma ya nemi afuwarta. Umma za ta buƙaci hannaye da yawa a watannin da ke tafe, kuma matar da ake zargi tana cikin waɗanda za su iya riƙe gidan idan kuna asibiti.

Sai batun cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana tana da tushe a abin da mutane suka gani da idonsu, domin da yawa daga masu ciwon daji a wurinmu ba sa zuwa asibiti sai cutar ta gama bazuwa, a yi aiki a makare, mutum ya rasu bayan 'yan watanni, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi, alhali jinkirin ne ya yi kisan. Sannan ƙarin fankiriyas ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa, mai tsirowa daga bututun ruwan narkar da abinci, yana da saurin gaske da wuyar magani, kuma shi za ki fi cin karo da labarinsa idan kika bincika a intanet, don haka kada abin da za ki karanta a can ya karya miki zuciya. Wanda ake zato a jikin Umma daga ƙwayoyin sinadarai yake fitowa, kuma dangin wannan ƙari sun fi tafiya a hankali, mutane kan rayu da su shekaru masu yawa. Steve Jobs, wanda ya shugabanci kamfanin Apple, irin ƙarin wannan dangi aka gano masa a 2003, ya jinkirta tiyata kusan wata tara yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyi, aka yi masa aikin a 2004, ya rayu har 2011. Tafiyar hawainiyar da ƙarin ke yi ita ce damar da Allah Ya ba ku, amma tana da iyaka, domin fiye da rabin masu gulukagonoma ana gano su ne bayan ya riga ya taɓa hanta.

Kafin a kai ga wuƙa, akwai gwajin da ya kamata ku tambaya ko an yi, wato auna yawan gulukagon a jini bayan ta kwana ba ta ci komai ba. A mai wannan cuta yakan ninka na mai lafiya sau da yawa. Ba kowane ɗakin gwaji ne ke yin sa ba, wani lokaci sai an aika jinin wani gari, amma yana da muhimmanci domin shi ne zai ɗaure sakamakon fatar da na hoton wuri ɗaya, kuma da shi za a riƙa bibiya bayan aiki. Ku kuma tambayi likitan tiyata kai tsaye abin da hoton ya nuna game da hanta, da girman ƙarin, da ɓangaren fankiriyas ɗin da yake.

Tun da an ambaci saifa, alama ce cewa ƙarin yana tsakiya ko jelar fankiriyas, inda gulukagonoma ya fi zama. Aikin da ake yi a nan shi ne a yanke ɓangaren hagu na fankiriyas tare da ƙarin da ƙananan kaluluwan da ke kewaye da shi, a bar kan a wurinsa yana ci gaba da aiki. Dalilin haɗawa da saifa kuwa shi ne jijiyoyin jininta suna bi ne ta jikin fankiriyas ɗin, kaluluwan da ake son kwashewa kuma suna tare da su, don haka idan ƙarin babba ne ko ana zargin yana da mugun hali, cire su gaba ɗaya ya fi tsabta da aminci. Mutum yana rayuwa ba saifa, da sharuɗɗan da zan zo kansu. Wannan aiki ya fi sauƙi a kan wanda ake yi idan ƙari yana ɓangaren dama, wato a kan fankiriyas ɗin, aikin da ake kira da sunan likitan Amurka Allen Whipple da ya bayyana shi a 1935, inda ake cire kan fankiriyas da farkon hanji da maɗaciya da wani ɓangare na bututunta, sannan a sake haɗa abin da ya rage. Ƙarin da ke wannan ɓangare na dama ma yana da nasa saƙon a fata, kuma ina so sauran masu karatu su riƙe shi: yana toshe bututun maɗaciya, sai ido ya yi rawaya kamar mai ciwon shawara, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki duka ya ɗauki ƙaiƙayi mai hana barci. Babban mutum da ya ga haka tare da rama, ko da babu ciwon ciki ko zazzaɓi, hoton ciki yake buƙata cikin gaggawa kafin a tsaya jiƙe-jiƙen shawara.

Ba zan ɓoye miki ba, aiki ne babba mai ɗaukar sa'o'i, kuma yana da haɗarinsa. Matsalar da ta fi faruwa ita ce yoyon ruwan fankiriyas daga inda aka yanke, shi ya sa za ki ga an bar mata roba a gefen ciki tana fitar da ruwa na wasu kwanaki, kuma mafi yawan irin wannan yoyo yana tsayawa da kansa idan ana lura da shi. Akwai yiwuwar zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanci wannan cuta, wato daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda gudansa kan iya ɓallewa ya tafi huhu. Wannan ya shafe ku tun yau, kafin ma a yi aiki. Idan kika ga ƙwaurin Umma ɗaya ya kumbura ya fi ɗayan, yana zafi, kada a yi masa tausa ko gashi da ruwan zafi, a kai ta asibiti a ranar. Idan kuma numfashi ya sarƙe mata farat ɗaya ko ƙirji ya riƙe, ko da tsakar dare ne a tafi. Likitoci sukan ba da allurar tsinka jini kafin aiki da bayansa saboda wannan, kuma za su matsa mata ta tashi ta taka da wuri ko da tana jin ciwo, don haka kada tausayi ya sa ku hana ma'aikatan jinya tayar da ita.

Jikin da ya rame shekara biyu ba a kai shi ɗakin tiyata haka nan, sai an gina shi, kuma a nan ne hannunki zai fi amfani. Tana buƙatar abinci mai gina jiki a kai a kai, kaɗan-kaɗan, irin su ƙwai da kifi da wake da awara da nono da naman da ya dahu ya yi laushi, ba yaji ba tsami saboda harshenta, tare da kiyaye abin da likitan suga ya gindaya. Kunun gyaɗa marar suga da alala mai laushi sukan shiga ko da baki yana ciwo. Likitoci za su iya ƙara mata zink, wani lokaci da ƙarin ruwa mai ɗauke da sinadaran gina jiki, da ƙarin jini idan ya yi ƙasa. Akwai kuma allura mai suna oktiriyotayid wadda ke danne fitar gulukagon, kuma a marasa lafiya da yawa takan kwantar da ƙurajen cikin kwanaki ko makonni. Tana da tsada, kuma ba ta cire ƙarin, don haka ina gargaɗinki tun yanzu: idan aka yi ta fatar ta yi kyau, za a samu wanda zai ce ai ga shi ta warke, a fasa aikin. Ku shirya wa wannan magana kafin ta zo.

Idan ya tabbata za a cire saifa, ana so a yi mata alluran rigakafi na ƙwayoyin cutar nimoniya da na sanƙarau da makamantansu, kuma an fi so a yi su aƙalla mako biyu kafin aikin. Saifa ita ce matatar jini da ke kama wasu ƙwayoyin cuta, tana kuma taimakawa wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. A garin da sauro yake kamar Kano, wanda kuma ke cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da bazara, wannan magana ba ta wasa ba ce. Bayan aikin, gidan sauro ya zama dole gare ta kowane dare, kuma duk zazzaɓin da ya kama ta, komai ƙanƙantarsa, asibiti za a nufa a ranar, a gaya wa duk likitan da ya karɓe ta cewa ba ta da saifa. Ki rubuta hakan a ɗan kati ki saka mata a jakar hannu.

Abin da za ku gani bayan aiki, idan an samu cire ƙarin duka, yana cikin abubuwan da ke faranta ran likita. Gulukagon yana sauka nan da nan, ƙurajen su fara bushewa cikin kwanaki, sabbi su daina fitowa, harshe ya huce ta koma cin abinci, duhun tabon ne kawai zai ɗauki watanni yana washewa. Suga yakan yi sauƙi a wasu, a wasu kuma, saboda an rage fankiriyas ɗin, sai an ci gaba da magani ko insulin. Idan kika ga bayan gidanta yana maiƙo yana tasowa saman ruwa, ko rama ta ƙi tafiya, ki faɗa wa likita, akwai ƙwayoyin da ake sha tare da abinci su maye gurbin ruwan narkarwar da ya ragu. Za a ci gaba da yi mata hoto da gwajin jini lokaci-lokaci na shekaru, domin ƙarin yana iya dawowa, kuma sau da yawa fatar ce za ta fara ba da labari. Idan kuwa an tarar ya riga ya taɓa hanta, ƙofa ba ta rufe ba, domin rage yawan ƙarin da tiyata yana sauƙaƙa alamomin, allurar nan tana da nau'in da ake yi sau ɗaya a wata, akwai kuma wasu magunguna da likitocin ciwon daji ke amfani da su a kan wannan dangi na ƙari.

Yanzu sai maganar gida, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ya sa kika rubuto. Abba da Kawu tsoro ne yake magana da bakinsu, tsoron a shiga da ita ɗaki a fito musu da gawa, kuma wanda ya sa hannu ya ɗauki nauyin abin har ƙarshen rayuwarsa. Kada ki tunkare su da gardama a gaban mutane, kuma kada ki zama ke ce mai isar da saƙon likita, domin bayanin da ya fito daga bakin 'ya ba ya nauyin wanda ya fito daga bakin mai aikin. Ki roƙe su, cikin ladabi, su raka ku ganin likitan tiyata rana ɗaya, a nuna musu hoton su ga ƙarin da idonsu, su yi duk tambayar da ke ransu, har da sau nawa shi da abokan aikinsa suka yi irin wannan tiyata, da ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan hankalinsu bai kwanta ba, neman ra'ayin likita na biyu ba laifi ba ne, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin fata da na tiyata da na suga a wuri ɗaya, sai dai a sa wa neman ra'ayin wa'adi na mako ɗaya ko biyu, kada ya zama hanyar ja da baya. Idan akwai malamin da Kawu yake jin maganarsa, ku tafi da shi, domin hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta sananne ne a wurin kowane malami, kuma addu'a da tofi ba sa karo da zuwa asibiti.

Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne ci gaba da ɓoye wa Umma. Na san niyyar alheri ce, ana gudun kada hankalinta ya tashi, amma matar da ta shekara biyu tana kallon jikinta yana zagwanyewa, tana jin ana raɗa idan ta juya baya, ta riga ta san akwai abin da ake ɓoye mata, kuma abin da zuciyarta ke saƙa mata ya fi gaskiyar muni. Jikinta ne za a yanka, kuma muddin tana cikin hayyacinta, sa hannunta ake buƙata a takardar amincewa, na miji ko na yaya ba ya maye gurbinsa. A gaya mata a hankali, a gaban likitar da ta saba da ita, da ke a gefenta, a fara da cewa an gano abin da ke kawo ƙurajen kuma yana da magani. Na sha ganin iyaye mata da aka ɗauka za su firgita, sai ya zama su ne suke ƙarfafa wa 'ya'yansu gwiwa, kuma idan Umma da bakinta ta ce wa yayanta tana son a yi aikin, da wuya ya ci gaba da tsayawa a hanya.

Game da kuɗi, ki nemi a rubuta muku ƙiyasin komai, daga gwaje-gwaje da allurai zuwa kwanakin gado, ki bincika ko tana cikin wani tsarin inshorar lafiya ta hanyar Abba ko ɗaya daga cikinku, ki kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. A fara neman masu ba da jini a cikin dangi tun yanzu. Kafin ranar da za ku koma, ki ɗauki hoton ƙurajen ƙafafunta da na bakinta da wayarki duk bayan kwana uku a wuri mai haske, ki rubuta nauyinta da awon suganta a littafi ɗaya, ki tafi da su tare da ledar mayukan nan. Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya tashi kafaɗunta, ki kuma sake rubuto mini bayan kun ga likitan tiyatar.